Ku Tambayi Matafiyi: "Abokin Cinikina Ya Ce Mu Haɗu a Bar"

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Tun da na ambaci gahawar Italiya a fitowar da ta gabata, a tsakiyar maganar kuɗin guzuri, sai tambayoyi suka yi ta shigowa a kanta, aka bar ni da maganar biza da na ɗauka ita za ta ja hankali. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ce ta cinye mini fili, don mai ita hankalinsa a tashe yake, kuma na ga ƙuruciyata a cikinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni matashi ne, ina sana'ar fata a hannun kawuna. Bana ya ce ni zan wakilce shi a baje kolin fata na Lineapelle a Milan, daga nan in gangara kudu in ga wani majemi da muke aika wa fatun awaki. Mutumin ya turo mini saƙo cewa washegarin isowata mu haɗu a "bar" ɗin da ke kusa da masana'antarsa da ƙarfe 8 na safe. Baba, ni ko a Sabon Gari ban taɓa taka ƙofar mashaya ba. In ƙi zuwa, ina tsoron ɓata cinikin Kawu. In je, ina tsoron Allah. Yaya zan yi? Daga ɗanka, Ƙofar Wambai, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, sauke numfashi. Mutumin nan gahawa ya gayyace ka sha. Kalmar ce ta yaudare ka, kamar yadda ta yaudare ni a zuwana na farko, zamanin da ake kashe lira, kafin yuro ta shigo hannun mutane a 2002. A bakin ɗan Italiya, bar shi ne shagon unguwa da ake buɗewa tun duku-duku, inda direban bas da malamar makaranta da mai shara da lauya suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa su kurɓi gahawa kafin kowa ya kama gabansa. In kana neman abin da ya fi kusa da shi a wurinmu, to teburin mai shayi ne, sai dai an ɗauke benci, an sa madubi da tayil, an kuma rage zaman daga awa guda zuwa minti uku.

Tunda ka ce fatun awaki, kuma kudu, ina kyautata zaton Solofra za ka, ƙaramin gari a tsakanin duwatsu, tafiyar kamar awa guda a mota daga Napoli. Garin majema ne, hancinka zai gaya maka tun daga bakin hanya, ka ji kamar a Sharaɗa aka sauke ka. Na yi shekaru ina zuwa, kuma akwai wani shago a wata kwana da na sani kamar zauren gidanmu. Bari in shigar da kai, don sauran duk kusan haka suke.

Ɗaki ne da bai fi shagon tela biyu ba. Doguwar kanta ta marmara, tsayinta daidai inda mutum zai dogara gwiwar hannu, a ƙasa kuma sandar ƙarfe ta ɗora ƙafa. Bayan kantar ga injin gahawa, ƙato mai ƙyalli, an kife ƙananan finjalai a kansa don su yi ɗumi. Gefe guda akwatin gilashi na kayan karin kumallo. A kan firjin askirim akwai jaridar wasanni mai ruwan hoda, La Gazzetta dello Sport, kowa ya karanta ya bar wa na baya, kafin azahar ta yi laushi kamar tsumma. A bango hoton Maradona, wanda ya ciyo wa Napoli kofin ƙasa a 1987 da 1990. Da ka ce daga Najeriya kake, shirya jin sunan Osimhen, wanda ƙwallayensa 26 suka taimaka aka sake ɗaukar kofin a 2023 bayan shekara 33 ana jira. Yaron nan ya sauƙaƙa mana gaisuwa a kudancin Italiya fiye da kowane jakada.

Da ka shiga, ɗaga murya ka ce "Buongiorno", ana furta shi kamar bwanjorno. A can ma shiga wuri ba sallama rashin tarbiyya ne. Sai ka matsa jikin kanta ka ce "Un caffè, per favore." Shi ke nan. Ba sai ka ce espresso ba, a wurinsu gahawar da ba a yi wa laƙabi ba ita ce wannan. Mai haɗawar, barista suke ce masa, zai zare mariƙin daga jikin injin, ya buga shi ƙwas-ƙwas a bakin aljihun kanta tsohon gari ya zube, ya tari sabo a injin niƙa, ya danne, ya murɗa ya mayar, duk yana gardamar ƙwallo da wani. Za ka rantse bai ji ka ba. Duba gabanka. In ka ga ya jefa ɗan faranti da ƙaramin cokali, to naka na kan wuta, kada ka maimaita. In ba ka gani ba, muryar gidan surukai ka yi, sake faɗa.

Abin da za a miƙo maka zai ba ka dariya, don bai cika cokalin cin abinci biyu ba. Ƙa'idarsu gram 7 na garin gahawa, a tura ruwan zafi da bai kai ga tafasa ba ta cikinsa da ƙarfi, cikin daƙiƙa 25 a sami mililita 25, da kumfa ruwan ƙasa a samansa da suke kira crema. Ni ranar farko riƙe finjalin na yi ina jira a ƙaro, na ɗauka ɗanɗano aka ba ni irin na mai tsire. Kurɓa biyu ko uku ake yi. Yi hankali da leɓenka, don a yankin Napoli finjalin da kansa a ruwan zafi wasu ke ajiye shi, ya fi abin da ke cikinsa ƙuna. Wasu shagunan can kuma su ke zuba maka sukari tun kafin su miƙo, saboda haka in ba ka so, ka ce "amaro", wato mai ɗaci.

Sai maganar ruwa, wadda a kanta na sha kunya. Tare da gahawar za a ajiye maka ɗan kofin gilashi da ruwan sanyi. Ni kuwa na shanye gahawata, na ji ɗaci har ƙeya, na kora da ruwan na ajiye kofi, ina jin na yi daidai. Tsohon mai shagon ya dube ni ya dafe ƙirji kamar na ambaci mahaifinsa. Sai da muka fita abokin cinikina ya fassara mini: ruwan na kurkure baki ne kafin a sha, don harshe ya karɓi ɗanɗanon da tsabta. Wanda ya sha shi daga baya, cewa yake yi gahawar ba ta yi ba, yana son wanke ta daga bakinsa. Kamar ka ci tuwon uwargida ne ka tashi ka tofar a gabanta. Washegari na sha ruwana tukuna, tsohon ya gyaɗa kai, muka shirya.

Biya iri biyu ne. A tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama da manyan shagunan tsakiyar birni, wurin mai karɓar kuɗi ake fara zuwa, a biya, a karɓi ɗan rasit da suke kira scontrino, a ɗora shi a kan kanta. A shagon unguwa kuwa sha ake yi tukuna, a biya a hanyar fita. Tsaya rabin minti ka ga yadda na gabanka ya yi. Kuɗin finjali a tsaye yuro 1 ne da 'yan kai a yawancin wurare. Amma duba allon farashi a bango, sau da yawa layi biyu ne, banco da tavolo, wato kanta da tebur. In ka zauna aka kawo maka, musamman a dandalin da 'yan yawon buɗe ido ke taruwa, kuɗin na iya ninkawa sau uku ko fiye. A Caffè Florian na birnin Benis, wanda ke buɗe tun 1720, kujera da makaɗa da tarihi mutum ke saya, gahawar gyara ce aka ɗora masa. Wancan wurin kallo ne. Inda aka gayyace ka wurin sha ne.

Ba ma kai za ka biya ba. Mai masaukinka zai ce "offro io", ni zan biya, kuma da gaske yake. Yi ɗan musu na ladabi sau ɗaya ka ƙyale shi, kada ka kama masa hannu irin yadda muke yi a wurin mai nama. Ramuwarka ita ce washegari ka riga shi zuwa ka biya na ku biyu. Kada kuma ka zaro takardun farashi a kan kanta. Wannan minti ukun gaisuwa ce, yana so ya ga fuskarka, ya tambayi lafiyar kawunka, ya ji yadda jirgi ya yi da kai. Ciniki sai an shiga masana'anta, an shimfiɗa fata a ƙarƙashin fitila. Ka kuma sani "prendiamo un caffè", mu sha gahawa, zai iya fitowa daga bakinsa sau huɗu kafin la'asar: in kun fara, in kun saɓa, in kun daidaita. Ƙin amsawa ba daɗi. In zuciyarka ta fara bugawa, nemi decaffeinato, wadda aka cire wa ƙarfi, ko orzo, wadda ta sha'ir ce zalla, ko spremuta, lemon zaƙi da za a matse a gabanka.

To, kada in yi maka rufa-rufa. A kan kantocin bayan barista za ka ga kwalabe a jere, kuma giya ce. Shago ɗaya ne ke sayar da duka. Da safe ƙura kawai suke sha, amma daga wajen ƙarfe 6 na yamma wurin yakan sauya fuska, lokacin abin da suke kira aperitivo, sai ka ga kofunan giya mai launin ruwan lemo a hannun kowa. Kalma ɗaya nake so ka haddace kamar sunanka: corretto. Ma'anarta "gyararriya", kuma gyaran nasu shi ne a ɗiga giya a cikin gahawar. Wata safiya ta hunturu a Arzignano, garin majema na arewacin Italiya, wani ma'aikaci ya ga ina rawar ɗari, tausayi ya kama shi, ya yi wa barista magana da yarensu. Sai na ga hannu ya tafi kan wata kwalba mai ruwa fari tas, ya ɗan karkata ta a finjalina. Allah ya taimake ni hancina ya riga bakina. Grappa ce, giyar da ake yi da tukar inabi. Na ce "senza alcol, sono musulmano", babu giya, ni Musulmi ne. Bawan Allahn nan kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja, ya yi ta ba ni haƙuri, aka zubar aka sake mini wata, kuma shi ya biya. Tun daga ranar idona na kan hannun barista har finjali ya iso gabana.

Abin da ni nake yi ke nan: safiya da bayan azahar ina shiga, in tsaya ta ƙarshen kanta wajen inji, in sha in fita. In an ce a haɗu da yamma, sai in ce mu je pasticceria, shagon kayan zaƙi, ko wurin askirim, ban kuma taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Hukuncin shiga wurin da ake sayar da duka biyun kuwa, wannan na malamai ne, ka je wa malaminka da bayanin nan yadda na zana maka kafin ka tashi. Haka maganar sha a tsaye, wadda na san za ta zo maka a rai: akwai hadisin hani, akwai kuma wanda ya nuna Manzon Allah (SAW) ya sha Zamzam a tsaye, malamai sun yi bayani a kai. In ranka bai kwanta ba, shagon unguwa ba ya rasa kujera ɗaya ko biyu a lungu, kuma in kai ka ɗauki finjalinka da kanka ka kai, yawanci ba a ƙara maka ko sisi.

Shawarata ta ƙarshe gare ka, kada ka yi ta yawon gwada shaguna. Zaɓi ɗaya kusa da masaukinka ka riƙe shi, ka riƙa zuwa lokaci ɗaya kullum. A rana ta uku ko ta huɗu, kafin ka buɗe baki barista zai ɗaga gira ya ce "Il solito?", wato "Na kullum?" Daga ranar ka tashi daga baƙo. Shi zai gaya maka gobe jiragen ƙasa na yajin aiki, shi zai kira maka tasi, a wurinsa za ka bar saƙo a zo a karɓa. Tsohon nan da na ɓata wa rai da kofin ruwa, shi ne daga baya ya riƙa ajiye mini kayan karin da babu kitsen alade a ciki, a naɗe a takarda a bayan inji, ba tare da na roƙa ba.

TAMBAYA: Alhaji, barka da aiki. 'Yata tana karatu a Perugia. Duk sanda na kira ta da safe sai ta ce tana bar tana karyawa da cappuccino da cornetto. Mahaifinta bai sani ba, ni ma na kasa gaya masa. Wurin ya dace da 'ya mace? Kuma mene ne wannan abin da take ci? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Ki karanta wa Alhaji amsar da ke sama, sannan ki gaya masa, babu abin ɓoyo a nan. Da safe a irin wannan wurin za ki ga tsofaffin mata da jakar cefane, da uwaye da keken jarirai, har da 'yan zuhudun coci da lulluɓinsu. Tun watan Janairun 2005 doka ta hana shan taba a ciki, kafin nan kam sai mutum ya fito da warin hayaƙi a rigarsa. Perugia kuwa garin ɗalibai ne, akwai jami'a guda ta koya wa baƙi harshen Italiya, sun saba ganin mai hijabi.

Cappuccino gahawa ce da madara mai kumfa da aka dafa da tururi. Sunan daga wasu 'yan zuhudu ya samo asali, masu doguwar riga ruwan ƙasa, launin ya yi kama. Abin karin kumallo ne a wurinsu, wanda ya nema bayan cin abincin rana za a ba shi, amma za a san baƙo ne, don sun yi imani madara a kan cikakken ciki tana hana narkewa. Ki ce mata kuma in madara da gahawa take so a babban kofi, "caffè latte" za ta ce. In ta ce "latte" kawai, farar madara za a tsiyayo mata.

Inda nake so ki ja mata kunne shi ne cornetto ɗin. Burodi ne mai zaƙi, lanƙwasasshe kamar jinjirin wata, a arewacin Italiya brioche suke ce masa. Wasu da man shanu ake yin sa, wasu da man gwangwani, amma wasu, musamman daga Rum zuwa kudu, da kitsen alade ake kwaɓa shi, kuma ido ba ya bambancewa. Sunan kitsen strutto. Ta riƙa tambaya, "C'è strutto?", akwai kitsen alade? Ba sa ɓoyewa. Hanya mafi sauƙi ta nemi wanda aka rubuta wa vegano, wannan ba abin dabba ko kaɗan a cikinsa, kuma yanzu shaguna da yawa suna ajiyewa. In ta je Napoli, sfogliatella ta gargajiya da kitsen ake yin ta, babà kuma a giya ake jiƙa shi, komai kyansa ta kawar da kai. A burodi mai haɗi, prosciutto da salame da mortadella da pancetta da speck duk alade ne, sunaye ne kawai suka yi yawa. Na kifin tuna ko na cuku da tumatir ya ishe ta.

Tunda ke uwa ce, ga wani abu da zai yi miki daɗi. A Napoli akwai tsohuwar al'ada da suke kira caffè sospeso, gahawar da aka rataye. Mutum ya sha ɗaya ya biya biyu, ta biyun ta zauna a wurin mai shago. Wanda ba shi da hali ya leƙo ya tambaya ko akwai ratayayya, a ba shi a finjali iri ɗaya da na kowa, bai san wanda ya biya ba, mai biyan ma bai san shi ba. A babban shagon nan na Gambrinus, wanda aka buɗe a 1860, har yanzu ana yi. Ranar da na fara gani, sadakar da hannun hagu bai san abin da na dama ya bayar ba ce ta faɗo mini.

TAMBAYA: Malam, a wane yanki na Italiya ake noman wannan gahawa da suke alfahari da ita? Kuma mai hawan jini zai iya sha? Daga wani malamin makaranta, Jos.

AMSA: Malam, ba su da gonarta. Sayowa suke yi ɗanya daga Brazil da Biyetnam da Yuganda da Indiya da sauransu, mai yawa ta tashar ruwan Trieste take shiga. Nasu shi ne suya da haɗi da inji. Ko sunan ma aro ne: caffè daga kahve na Turkawa, shi kuma daga ƙahwa na Larabawa, inda mu ma muka samo gahawa. Sufayen Yaman ne suka riƙa shan ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, ta bi ta Makka da Alƙahira da Istanbul, fataken Benis suka shigar da ita Turai. Wani likitansu mai suna Prospero Alpini da ya zauna a Masar ya bayyana itacen a littafinsa na 1592. Inji kuwa, Angelo Moriondo ya yi rajistar nasa a Turin a 1884, Luigi Bezzera ya inganta a Milan a 1901, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da mai hannun ja, wanda ƙarfin matsinsa ya haifar da kumfar nan ta sama. Ko a nan Najeriya, a tsaunin Mambila ana noman irin da ake kira arabika. Riƙon da Italiyawa suka yi wa shagunansu na unguwa ya kai har Starbucks, babban kamfanin shagunan gahawa na Amurka, bai buɗe reshensa na farko a ƙasar ba sai 2018, a Milan.

Maganar hawan jini, sinadarin da ke cikinta, kafeyin, shi ne dai na cikin goro. Finjali ɗaya na ɗauke da miligram 60 zuwa 80. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Wannan na mai lafiya ne. Mai hawan jini likitansa zai tambaya, kuma ya faɗa masa gaskiyar goro nawa yake ci.

TAMBAYA: Yayana ya kawo mini tsarabar wata 'yar buta ta alminiyam mai kusurwa takwas, ana kwance ta gida uku. Na gwada sau biyu, abin da ya fito ɗaci kamar maɗaci. Ni da na saba da shayinmu na zagaye uku, me na yi ba daidai ba? Daga wani mai karatu, Damagaram.

AMSA: Moka ce aka kawo maka, wadda Alfonso Bialetti ya ƙera a 1933, sunanta kuma daga Mokha, tashar ruwan Yaman da gahawa ta riƙa fita ta cikinta. Da wuya ka shiga ɗakin girkin ɗan Italiya ka rasa ta. Kuskurenka na san shi, don ni ma na yi: ka yi mata irin dahuwar shayi. Shayinku yana son a bar shi a kan gawayi yana tafasa ana hira, ita kuwa in ta tafasa ta ƙone.

Zuba ruwa a gidan ƙasa, ya tsaya daidai ƙarƙashin ɗan ƙusan nan na gefe, kada ya rufe shi, don ta nan tururi ke fita in matsi ya yi yawa. Cika mazurarin da gari har baki, ka share da yatsa, amma kada ka danne. Garin kada ya yi laushin fulawa, ya ɗan yi tsaki-tsaki kamar gishirin tebur. Murɗa ta rufu sosai, ka ɗora a ƙaramar wuta. In a kan gawayi ne, jira ya zama garwashi, ka kuma kawar da mariƙin gefe, roba ce, narkewa take yi. Bar murfin a buɗe ka zuba ido: za ta fara fitowa a hankali, baƙa mai kauri kamar zuma, sannan ta fara haske. Da ka ji ta fara gurgura tana tofi, sauke nan take, abin da ke fitowa bayan wannan shi ne maɗacin da ka sha. Juya da cokali kafin ka zuba, don ta farko ta fi ta ƙarshe ƙarfi. In sabuwa ce, dahuwa biyu ko uku na farko zubarwa ake yi. Wanki da ruwa zalla, Italiyawa ba sa kai mata sabulu, a bar ta ta bushe a kwance. Wani abokina mutumin Sudan yakan jefa ɗan citta a gidan sama, irin yadda suke yi wa jabana, gahawarsu ta gargajiya, kuma wallahi tana daɗi, sai dai kada ɗan Napoli ya gani.

Akwai wani zoben roba a ƙarƙashin gidan sama, shi ke fara mutuwa, in ya tsufa sai ka ga tururi na fita ta gefe. Nawa ma ya kai wata huɗu yana yoyo. Ɗana na Ƙofar Wambai, tunda za ka, ka leƙa kowane shagon kayan girki ka ce "guarnizione", na moka mai finjali uku, ka sayo guda biyu, ɗaya nawa ɗaya na mutumin Damagaram. Ka bar su a ofishin mujalla, ka gaida kawunka.